Mai Karanta wa Kaka

Shekara uku ke nan da idon Kaka ya soma gajiya, kuma tun daga lokacin Aku ce idonsa. Ba wanda ya zauna ya ba ta wannan muƙami, ita ma ba ta nema ba. Ranar da ya kasa zura zare a allura ita ce a kusa, ta karɓa ta zura masa, shi ke nan aiki ya same ta.

Kaka tela ne. Ya yi shekara arba'in da 'yan kai a kan keke ɗaya, a wani ɗan shago da ke manne da ƙofar gidansu, mai taga guda da benci a waje. Yanzu yana ganin haske da inuwa, yana gane mutum idan ya tsaya a bakin ƙofa ya tare masa rana, amma rubutu da kafar allura sun fi ƙarfinsa. Duk da haka bai rufe shagon ba. Faci da kalmasa da sa maɓalli hannunsa ya san hanyarsu, ba sai ya nemi izinin ido ba.

Aku jikarsa ce, 'yar 'yarsa ta fari, shekarunta sha tara. Shi ya laƙaba mata sunan tun tana tatata, saboda bakin da ba ya hutawa, sunan kuma ya bi ta har ya danne na asali. Tana aiki a wani shagon buga takardu a bakin babban titi, inda injin fotokwafi ke huci tun safe. Ƙarfe huɗu in ta tashi, ba ta shiga gida sai ta biya shagon Kaka. Ta zura masa allura shida ta soka su a jikin labule inda hannunsa zai kai, sannan ta ja kujera ta karanta masa abin da ya taru: rubutun jikin kwalbar magani, saƙon Kawu da ke aiki a wani gari, jaridar da wani ya manta a benci. Gidan cike yake da masu ido, amma ko Mama, mahaifiyar Aku, ta ce ya kawo ta karanta masa, sai ya ce a bari Aku ta dawo, ita ba ta tsallake layi. Aku ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma duk duniya ba abin da take taƙama da shi kamar wannan magana.

Bana ne karo na farko da za ta yi zaɓe, ta kuma ɗauki abin da zafi. Wayarta ce ta jawo. Akwai wata matashiyar likita da ta fito takarar kujerar majalisa ta mazaɓarsu, ba ta da jerin motoci ba ta da makaɗa, sai dai duk ranar Laraba ta kunna waya ta zauna kai tsaye, kowa ya jefo tambaya ta amsa. Aku ta taɓa rubuta mata tambaya a kan magudanar ruwan layinsu da ke toshewa, Likita ta karanta a fili, ta amsa. Tun daga ranar Aku ta zama tata. Ta yi kwana biyu tana bin layi ta yanki katin zaɓe, ta ja ƙawayenta huɗu su ma suka yanka, ta buɗe shafi tana ta rubuce-rubuce. Mabiyanta ɗari biyu da wani abu, rabinsu dangi ne da kunya ta hana su ƙi.

Shi kuwa Kaka yana nan daram tare da Hedimasta, tsohon shugaban makarantar da ya koyar da 'ya'yansa duka biyar, wanda ya riƙe kujerar sau biyu yana neman ta uku. Kullum sai sun kwasa. Ita ta ce Hedimasta ya yi shekara takwas ko kwalbati ɗaya bai gyara ba, shi ya ce mutumin da ya san sunan kowane yaro a unguwa ba a kayar da shi saboda wata mai magana ta cikin gilashi. Ta ce masa tsoho mai taurin kai, ya ce mata uwar surutu, sannan ta miƙa masa shayinsa ta riƙe kofin har sai ya kama da kyau.

Wata Asabar da rana ana cikin wannan musu, ta ɗaga waya ta ce ya maimaita, za ta ɗauka duniya ta ji. Kaka mutum ne mai son a saurare shi. Ya gyara zama, ya shafa gemu, ya yi magana ta minti uku cif. Ya ce yana jin daɗin yadda yara suka farka. Ya ce a zamaninsu sai ka yi tafiyar rabin yini kafin ka ji abin da ɗan takara ya faɗa, yanzu kuwa yana cikin aljihunka. Ya ce amma su sani, waya ba ta kaɗa ƙuri'a. Sannan ya juya ya tsokani jikarsa yana dariya, ya ce yaran yanzu ba abin da suka sani sai danne-danne, ranar zaɓe kuma suna barci.

Ta ɗora bidiyon yadda yake. Kwana biyu ba wanda ya kula sai dangi. A rana ta uku wani wanda ba ta sani ba, ba kuma za ta taɓa sani ba, ya sauke shi, ya datse kai ya datse gindi, ya bar daƙiƙa biyar kacal: wani tsoho yana cewa yaran yanzu ba abin da suka sani. Ko dariyar bai bari ba. Ya rubuta a sama, ga waɗanda suka zaɓo mana wahala. Irin waɗannan mutane almakashinsu ya fi na kowane tela kaifi, kuma ba sa awo kafin su yanka.

Tana gaban inji wayar ta fara rawa a aljihunta ta ƙi tsayawa. Ta shiga ɗakin baya inda ake tara kwalayen takarda, ta zauna a kan ɗaya ta buɗe. Kafin a tashi aiki masu sharhi sun haura dubu. Wasu suka ce an saye shi. Wasu suka yi ba'a da hularsa, wasu da gibinsa, wani ya ce tsohon ko inda kyamara take bai sani ba, shi zai nuna wa mutane hanya. Abin da ya fi yi mata ciwo, yawancinsu mutanen Likita ne, nata, har da sunayen da ta saba tura wa alamar dariya. Ta goge bidiyonta da sauri, amma gogewar ba ta da wani amfani, don wanda ke yawo ba nata ba ne. Ta yi kuka mai isarta a bayan kwalaye, ta wanke fuska ta fito.

Fatanta ɗaya ne, kada Kaka ya ji. Mutumin nan ba shi da gona ba shi da mota, mutuncinsa ne kaɗai abin da ya tara, a layin nan ko yaro ba ya wuce shi bai rusuna ba. Sai dai ta makara. Wani da ya kawo facin wando ya riga ya ce masa, Baba ka yi suna, kana cikin waya. Mutumin bai ƙara komai ba, wataƙila shi ma nauyi ya ji. Da ta iso shagon ta tarar Kaka ya sauya hula, yana zaune a miƙe kamar mai jiran baƙi. Ko allura bai bari ta zura ba. Ya ce ta zauna ta karanta masa abin da jama'a suka ce.

Ta buɗe wayar. Sharhin farko zagi ne, na biyu ya fi na farko muni. Ta ɗaga kai ta ga fuskarsa, ya karkato kunne yana murmushi tun kafin ya ji komai. Sai ta ji bakinta yana cewa wani malamin makaranta ne ya rubuto, yana gaida Baba, ya ce maganarsa gaskiya ce tsantsa, Allah ya ƙara masa lafiya. Kaka ya gyaɗa kai ya ce amin, wannan ya san abin da yake yi. Ya ce sai na gaba.

Haka aka fara. A ranar ta ƙago masa mutum tara. Kashegari ta roƙi Mama ta rufa mata asiri, ta je ta roƙi Mai Kemis, maƙwabcinsu da kantin maganinsa ke kallon shagon, shi kaɗai ne cikin 'yan benci mai babbar waya. Da safe a wurin aiki sai ta ɗauki takardar da inji ya ɓata, ta juya bayanta ta tsara mutanen yamma: wata ma'aikaciyar jinya, wani direban babbar mota, wani ɗalibi da ya ce saboda Baba zai fita zaɓe. Dukansu masu ladabi ne, dukansu sai sun yi gaisuwa kafin magana. Kaka yana jin daɗi har yana sa ta maimaita wasu. Ita kuwa kullum ta tashi daga kujerar nan jikinta a mace, abinci ma ba ya yi mata daɗi.

A rana ta bakwai yana sa maɓalli a wata rigar makaranta, tana karantawa, sai ta lura ya daina cewa amin. Ya ja zare ya tsinke da haƙori, ya tambaye ta mutum nawa suka rubuto zuwa yanzu. Ta duba ta ce sun wuce dubu uku.

"Dubu uku," ya ce. "Kuma duk sun yarda da ni."

Ta ce ai gaskiya ya faɗa.

"Aku, shekara arba'in ina zancen siyasa a bencin nan. Mu biyar ne, in an cika mu shida. Ban taɓa buɗe baki na rufe ba a samu wanda ya ce ƙarya nake ba. Ke kanki da na goya ba ki taɓa bari na kai aya ba. Yau mutum dubu uku, ba ko ɗaya mai taurin kai a ciki? Kuma kowannensu gaisuwarsa irin wadda uwarki ta koya miki."

Ta faɗa masa komai, datsewar da zagin da takardun da take tsarawa da safe. Ta ce tsoro ta ji kada ransa ya ɓaci, ita ta jawo masa, ya yafe mata. Bai ɗaga murya ba. Ya ce to ta karanta masa na gaskiyar. Ta ce ba za ta iya ba. Ya ce ta iya na ƙarya kwana bakwai, za ta iya na gaskiya minti goma.

Ta karanta. Ya saurari na hula, ya saurari na gibi, har ya ɗan taɓa bakinsa da yatsa. Na ido bai motsa shi ba. Sai ta zo kan wani mai kiran kansa Mai Baro, wanda bai yi zagi ba ko kaɗan. Ya rubuta cewa, Baba, shekara hamsin kana zaɓe, ga ni na gama jami'a ina tura baro a kasuwa, ka faɗa min me ka zaɓo mana. Kaka ya ajiye rigar makarantar. Can ya ce ya gode, ta shiga gida ta huta.

Kashegari ƙarfe huɗu ta iso ta tarar da allura shida a jikin labule, duk an zura. Kwalbar sabon maganinsa tana kan keke, an zana mata layi biyu da baƙin alƙalami, alamar sau biyu a rana. Mai Kemis ne ya yi, daga ƙetaren titi ma ya kasa haɗa ido da ita. Kaka ya amsa gaisuwarta cikakkiya, ya tambaye ta aiki, ya tambaye ta gajiya, ya kira ta da sunanta na asali. Bai tsokane ta ba, bai ambaci Hedimasta ba. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi, don ladabin nan nasa ya fi mari zafi.

Mama ce ta warware mata. Tana wanke kwanuka Aku na ɗauraya, ta ce zagin bai dame shi ba, ya sha wanda ya fi wannan a bakin masu karɓar ɗinki. Abin da ya faɗa mata shi ne, tun da idonsa ya tafi bai taɓa jin ya makance ba sai jiya, don ashe wadda ke karanta masa tana iya zaɓar abin da zai ji. Mama ta ƙara da cewa Kawu zai zo ranar zaɓe. An yarda wanda ba ya gani ya shiga rumfa da mutum ɗaya da ya amince da shi, ya karanta masa takarda ya kai masa yatsa inda ya ce, to Kawu zai shiga da shi. Aku ta daɗe tana ɗauka ita ce za ta shiga, har ta tsara yadda za ta tsokane shi a layi. Ta ci gaba da ɗauraye kwano ɗaya har Mama ta karɓe shi daga hannunta.

Saura kwana goma. Ba ta sake roƙonsa ba, ta san halin mutuminta, roƙo ƙara masa tauri yake. Abin da ta yi shi ne, da ta taso aiki sai ta zauna a bencin waje, ƙarƙashin taga, ta buɗe waya ta fara karantawa a fili ba tare da an sa ta ba. Ta faro daga sharhin farko tana bi ɗaya bayan ɗaya. Mai zagi ta karanta, mai yabo ta karanta, don ashe akwai su jefi-jefi, da ba ta tsaya ta gani ba. Wanda ya zage ta ita kanta, ya ce jikar da ta tallata kakanta don neman mabiya, shi ma ta karanta ba ta rage harafi ba. Masu wucewa suna kallonta kamar ta zautu. A ciki keke yana ta gudu. Sai dai ta lura a wasu wurare keken yakan tsaya, sai ta wuce layin ya ci gaba.

A rana ta uku keken ya tsaya bai ci gaba ba. Ta ji muryarsa ta taga, ya ce wancan mai baron, ta nemo shi, yana da amsa.

Ta shiga ta zauna a kujerarta. Ya ce ta rubuta yadda ya faɗa, kada ta yi masa kwalliya. Ya faɗa tana dannawa. Ya ce ɗana, tambayarka ta hana ni sukuni. Na yi zaɓe sau goma sha ɗaya, wanda ba na jin kunyarsa bai wuce huɗu ba. Akwai shekarar da na zaɓi mutum don kawai mutanensa sun kawo min ɗinkin tutoci, na san ba shi da kirki na dangwala masa, ko iyalina ban taɓa faɗa wa ba sai yau. Saboda haka kana da gaskiya, da hannuna a cikin baron nan naka. Abin da nake roƙonka, wannan karon ka fito ka zaɓa da kanka, kada ka sake bar wa irina. Ni dai Hedimasta zan yi, kuma ina ba ka shawara kai ma ka yi shi.

Yatsanta ya tsaya a jimlar ƙarshe. Ta kalle shi, ta haɗiye abin da ya zo mata baki, ta rubuta. Ta karanta masa daga farko har ƙarshe, ya ce ta tura. A shafinta na mutanen Likita ta tura, da sunanta a sama. Ta kuma sake ɗora cikakken bidiyon na minti uku. Mutum ɗari huɗu suka kalla, alhali guntun ya wuce dubu tamanin. Haka abin yake, ba wanda ke da minti uku.

Amsar Mai Baro ta zo bayan kwana biyu, gajera. Ya ce ya ji, Baba, ya kuma gode da bai yi masa ƙarya ba. Ya ce zai fita, amma Hedimasta kam ko a mafarki. Kaka ya yi dariya har da tari, ya ce yawwa, wannan mutum ne mai jini a jika. Aku ta yi tsammanin daga nan an shirya, amma da ta dawo kashegari ta sake tarar da allurai a zure. Ya bar ta tana karanta masa sharhi, magani kuwa har yanzu Mai Kemis ne. Ta gane an buɗe mata ƙofa ne kaɗan, ba a ce ta shigo ba.

Ranar zaɓe gidan ya tashi da wuri. Kawu ya iso tun jiya, ya yi wanka ya fesa turare, yana tsaye a tsakar gida da katin Kaka a hannu. Aku ta shirya ita ma, ta rataya jaka, tana neman ta sulale ta tafi da ƙawayenta don kada ta ga fitarsu. Kaka ya fito daga ɗaki da sandarsa. Kawu ya miƙa masa hannu, shi kuwa ya tsaya yana juya kai yana neman wata inuwa. Ya ce a ba Aku katin.

Kawu ya matso ya rage murya, ya ce Baba, yarinyar nan fa ta Likita ce, kowa ya sani, har a waya take yi mata kamfe. Kaka ya ce ya sani, ai da shi take musun.

Makarantar da aka sa rumfar ba ta da nisa, amma sun yi kusan rabin awa a hanya. Yana dafe da kafaɗarta, tana faɗa masa ga rami, ga dutse, ga ruwan magudanar da Hedimastansa bai gyara ba. A filin makarantar layi ya miƙe har bakin ƙofa, kuma yawanci matasa ne, kowa da waya a hannu. Wasu suka gane shi, suka fara zunguren juna. Sai wata budurwa ta ja da baya ta ce a ba Baba hanya, layin ya dare suka wuce.

A cikin ajin an ture bencina gefe. Malamar zaɓe ta duba katinsa, ta tambaye shi ko da yardarsa wannan za ta shiga da shi. Ya ce da yardarsa. Ta miƙa wa Aku takardar, ta nuna musu wani tebur a lungu da aka kare da kwali.

Bayan kwalin su biyu ne kawai. Aku ta shimfiɗa takardar ta karanta masa sunayen a hankali, duka bakwai, daga sama har ƙasa, har da waɗanda ba wanda ya taɓa jin ɗuriyarsu. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce Hedimasta. Ya miƙo mata babban yatsansa.

Ta kama yatsan. Fatarsa ta yi kanta, duk tabon allura. Hoton Likita yana nan layi biyu a saman na Hedimasta, tana murmushi, tazarar ba ta kai faɗin yatsu uku ba. Ba mai gani, shi kansa ba zai taɓa sani ba. Sai a lokacin ta gane nauyin abin da ya miƙo mata, har idonta ya kawo ruwa. Ta dangwala yatsan a tawada, ta kai shi daidai gurbin Hedimasta ta danna da kyau don kada a ce ta lalace. Tana dannawa wani dogon tsaki ya kuɓuce mata. Ta naɗe takardar ta sa masa a hannu, ta kai hannun bakin akwati ya jefa da kansa.

A waje ta samo masa wuri a kan wani dakali a inuwar bishiya, ta zaunar da shi. Ya shiga murza tawadar da ke yatsansa. Ta kasa daurewa.

"Ba za ka tambaye ni inda na sa maka ba?"

"Na ji tsakin," ya ce. "Da taki kika sa min, da kin yi shiru kamar mutuniyar kirki."

Dariya ta zo mata tare da kuka, ta rasa wanne za ta fara. Ta durƙusa a gabansa tana share fuska da gefen mayafi. Ya lalubo kanta ya ɗan dungure shi, ya ce ta tashi, mutane na kallo, kada a sake ɗaukarsu a waya.

"Kawo jakar in riƙe miki, Aku. Je ki bi layi ki kashe min ƙuri'ata da taki. In sakamako ya fito, ke za ki karanta min, ko wa ya faɗi."

Ta ɗora masa jakar a cinya, ya rungume ta da hannu biyu. Ta ciro katinta ta nufi ƙarshen layi.